Jinyar Firgici da Motsin Ido: Fa'idodinta da Illolinta

A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa. Jama'a suka fito ɗibar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, adadin kuma ya yi ta ƙaruwa yayin da na kwance a asibiti ke cikawa. An ƙirga mamata, an ƙirga waɗanda suka ƙone. Akwai kashi na uku da ba ya shiga lissafi a irin wannan rana: wanda ya tsira ba ko ƙwarzane, amma tun daga daren barci ya ƙaurace masa, in ya ji warin fetur sai gumi ya karyo masa.

Mu ma nan kudancin jihar muna da namu rabon. Mutanen Gwaram ba su manta da Afrilun 2014 ba, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa garin da dare suka kashe 'yan sanda. Ga ambaliyar 2022 da ta ci gidaje da gonaki a faɗin Jigawa. Ga haɗarin mota a kan titin Kano zuwa Maiduguri da ya ratsa Birnin Kudu, ga rigimar manomi da makiyayi da kaka, ga kuma abin da ke faruwa a cikin ɗaki wanda ba a faɗa. A gari kamar Zandam, in mutum ya fito daga irin wannan da ransa sai a yi masa barka da arziki, a yi masa jaje, a ce ya yi haƙuri. Galibi hakan yana wadatarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 70 cikin 100 na mutane sukan gamu da mummunan abu mai razanarwa a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne kawai daga cikinsu abin ke zame wa ciwo. Saura lokaci da dangi da addu'a suna warkar da su. Maganar yau a kan waɗancan 'yan tsirarun ne, waɗanda wata ya wuce, shekara ta zagayo, abin yana nan ɗanye: mugun mafarki, zabura da an bugi ƙofa, ƙin bin hanyar da abin ya faru, da ganin hoton abin ya faɗo wa mutum da rana tsaka tamkar yanzu ake yinsa. Likitoci suna kiransa PTSD. A gida kuwa sai a ce ya gamu da iska, ko a ce sammu ne.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake jinyar wannan ciwo a duniya ita ce EMDR, wato rage zafin tunani ta hanyar kai-komon ido. Wata Ba'amurkiya ce, Francine Shapiro, ta faro ta. A 1987 tana tafiya a wani lambun shaƙatawa ta lura cewa in tana tuna abin da ke damunta, idanunta kuma suna kai-komo hagu da dama, sai damuwar ta yi sauƙi. A 1989 ta wallafa gwajinta na farko a kan mutum 22, cikinsu da tsoffin sojojin yaƙin Biyetnam da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ta rasu a 2019, ta bar hanyar ta bazu a ƙasashe masu yawa. A 2021 Yarima Harry na Ingila ya bari aka ɗauke shi a talabijin ana yi masa ita, abin da ya ƙara mata farin jini fiye da duk takardun bincike.

A ɗauka wani ɗan acaɓa ne daga Zandam, wanda mota ta take abokinsa a gabansa a hanyar kasuwa, shekara guda ke nan ya kasa hawa mashin. Zaman farko da na biyu ba a taɓa maganar haɗarin sosai. Mai jinyar zai ji tarihinsa, ya tambayi barcinsa da abin da yake sha, ya koya masa yadda zai kwantar da kansa in gaba ya faɗi: jan numfashi a hankali, da tuna wani wuri da yake samun natsuwa, ko inuwar mangwaron gonarsu ce ko sahun farko na masallaci. Sai a zama na gaba a ce: "Malam, kawo hoton da ya fi tsaya maka a rai. Ba sai ka ba ni labarinsa ba. Me kake faɗa wa kanka in ka tuna?" Ya ce: "Likita, ni na jawo. Da ban tsaya ba da bai sauka ba." A ce: "Daga sifili zuwa goma, zafin nawa ne?" Ya ce tara. "A ina kake jinsa a jikinka?" Ya dafa ƙirji. Daga nan mai jinyar ya ɗaga yatsu biyu a gaban fuskarsa, yana kai su hagu da dama da ɗan sauri, shi kuma yana bin su da ido ba tare da juya kai ba, hoton yana riƙe a ransa. Bayan kamar rabin minti a tsaya. "Ja numfashi. Me ya zo?" Wataƙila ƙarar birki, wataƙila fuskar mahaifiyar mamacin. "To, riƙe wannan, mu ci gaba." Haka za a yi ta yi har taran nan ta sauko zuwa biyu, zuwa sifili, sannan a kafa masa wata magana a madadin ta farko: na yi iya ƙoƙarina, abin ya wuce. Zama ɗaya yakan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, kuma tsarin yana da matakai takwas, wanda kaɗa yatsun nan yanki ne kawai daga ciki.

Fa'ida ta farko ita ce abin yana aiki, kuma ba masu sayar da shi kaɗai ke faɗa ba. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin hanyoyi biyu da ta ba da shawarar a bi wajen jinyar PTSD ga manya da yara, ɗayar ita ce jinyar tattaunawa da ake kira CBT wadda ke fuskantar abin da ya faru kai tsaye. A 2018 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince da shi ga manya, ta ce galibi zama 8 zuwa 12 ake buƙata. An kuma gwada shi a kan mutanen da rayuwarsu ta fi kusa da tamu: Ceren Acarturk da abokan aikinta sun yi gwaji da 'yan gudun hijirar Siriya 70 a sansanin Kilis na Turkiyya, suka wallafa a 2016 cewa waɗanda aka yi wa jinyar sun sami sauƙi sosai a kan waɗanda ke jiran layi.

Amma fa'idar da ta fi ɗaukar hankalina daban ce, kuma ita ce ta sa nake ganin hanyar ta dace da Bahaushe da Bafulatani fiye da yadda mai ƙirƙirarta ta zata. Ba a tilasta wa majinyaci ya zayyana abin da ya same shi. An tashe mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yarinyar da aka keta wa haddi ba za ta zauna gaban baƙo ta jero abin da aka yi mata dalla-dalla ba, ko uwarta ba ta faɗa wa ba. Magidancin da aka durƙusar gaban iyalinsa aka kwashe masa shanu ya gwammace ya mutu da abin a ciki. Wasu hanyoyin jinya suna buƙatar a maimaita labarin da baki sau da yawa, wani lokaci a naɗa a saurara a gida. A nan kuwa ya isa ta ce "abin da ya faru a gona", ta faɗi lambar zafinsa, sauran aikin yana gudana a cikin kanta. Kunya ba ta zama katanga ba. Ko da tafinta ake aiki, saboda likita ba ya jin Fulatanci, sirrin da zai bi ta bakin mutum na uku kaɗan ne. A ƙauyen da kowa ya san kowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma cewa babu ƙwaya a ciki. Duk wanda ya san kemis ɗin ƙauye ya san abin da ake miƙa wa mai cewa ba ya barci: ƙwayar sa barci irin su Valium, ba takarda, ba tambaya. Ƙa'idar nan ta 2013 ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a ba wa wanda ya razana irin waɗannan ƙwayoyi a watan farko, domin ba sa warkar da firgicin, kuma jiki yana sabawa da su. Samari nawa ne suka fara da neman barci suka ƙare a Tramol? Hanyar da ba ta buƙatar a haɗiyi komai ta cancanci a saurare ta ko don wannan kaɗai. Ba ta kuma buƙatar aikin gida na rubutu, don haka rashin boko ba ya hana ta. Ba ta buƙatar lantarki ko na'ura: kujera biyu da ɗaki mai ƙofa sun isa. Inda matsar namiji kusa da mace ba ta dace ba, akwai salon da Lucina Artigas ta ɓullo da shi a Meziko wajen aiki da waɗanda guguwar Pauline ta 1997 ta ɗaiɗaita: majinyaciya ta harɗe hannuwa a ƙirji ta riƙa bubbuga kafaɗunta da kanta, dama da hagu, ba wanda ya taɓa ta.

Na san tambayar da dattijo zai yi in ya ga ana kaɗa wa ɗansa yatsu a fuska: wannan ba tsibbu ba ne kuwa? Ba shi ba ne. Ba a karanta komai, ba a kiran kowa, mutum yana farke da hankalinsa, in ya ɗaga hannu a tsaya. Ba a ce masa ya bar addu'a ko azkar ba, ba a kuma goge masa tunanin abin da ya faru. Yana tunawa sarai, zafin ne ke raguwa.

To, yanzu ɗaya gefen.

Har yau masana ba su daidaita a kan dalilin da ya sa EMDR yake aiki ba. Richard McNally na Jami'ar Harvard ya yi masa kaca-kaca a 1999, yana ganin abin da ke warkarwa shi ne tsohuwar dabarar fuskantar abin tsoro a hankali, yatsun kuwa ado ne. Wani nazari na 2001 da Davidson da Parker suka yi ya goya masa baya, cewa ko an cire motsin idon sakamakon bai canza ba. A 2013 Lee da Cuijpers suka sake tattara gwaje-gwaje suka ce a'a, motsin idon yana ƙara wani abu. Bayanin da ya fi shiga hankali na Marcel van den Hout da Iris Engelhard ne na Jami'ar Utrecht: ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe aiki biyu da cikakken ƙarfi a lokaci guda. Kamar mai awon gero ne a kasuwar Sara, in yana ƙirga tiya ka sa shi lissafin wani tsohon bashi, dole ɗaya ya yi rauni. In ido yana aiki, hoton da aka tuno sai ya dusashe, a kuma mayar da shi ma'ajiya a dusashe. In haka ne, ba wani sirri a ido, ƙirga lamba da baya ma zai iya yin irin aikin. Ni wannan gardama ba ta hana ni barci, amma tana da amfani ga mai biyan kuɗi: kada wani ya ce maka wannan ta fi kowace hanya. Gwaje-gwaje sun nuna kusan kunnen doki suke da CBT.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne zuzutawa. A 2020 Pim Cuijpers da abokansa sun duba gwaje-gwaje 76, suka ce akwai alamar amfani ga PTSD a gajeren lokaci, amma yawancin binciken ba a yi shi da tsauri ba, kuma babu isasshiyar hujja cewa yana maganin sauran cututtuka. Duk da haka za ka ga ana tallarsa a intanet a matsayin maganin ciwon damuwa, shaye-shaye, ciwon jiki, har da rashin sa'ar aure. Mun saba da wannan salo a bakin mai lasifika ranar kasuwa.

Sannan jinyar kanta tana da zafi. Kafin sauƙi ya zo, sau da yawa abin yakan fara tsananta. Mutum ya tashi daga zama a gajiye liƙis, kai yana juyawa, ya kwana biyu yana mafarkai masu nauyi, ko wani tsohon abu na ƙuruciya da ya manta ya taso. A birni zai buga waya ga mai jinyarsa. Ɗan acaɓan nan namu kuwa ya hau mota ya koma Zandam, da dare ya farka da ihu, mahaifiyarsa ta ce: "Ɗan nan, tun da ka fara zuwa wurin mutanen nan abin ya ƙaru. Gobe wurin Malam za mu." Ba ta yi laifi ba, abin da ta gani ta faɗa. In ba a zaunar da iyali tun farko an yi musu bayanin cewa hakan na iya faruwa ba, a nan jinyar za ta tsaya, an fama ciwo ba a ɗaure ba. Ga kuɗin mota sau takwas ko goma sha biyu, shi da ɗan rakiya, ga damina da ba ta jiran kowa. Wanda ya san ba zai iya kai wa ƙarshe ba, gara a tsaya da shi a matakin koyon kwantar da kai har hali ya samu.

Akwai kuma waɗanda sai an yi taka-tsantsan da su ko a jinkirta: mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, mai ciwon ido, wanda ke cikin maye, wanda ke tunanin kashe kansa, da wanda hankalinsa kan ɗauke ya rasa inda yake. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai, domin yawancin waɗanda ake cewa sun hau iska a nan suke, kuma su ne suka fi rikicewa in aka tono musu abu da gaggawa. Wanda ke da shari'a a kotu ma, kamar shari'ar fyaɗe, ya kamata a rubuta bayaninsa tukuna, tunda aikin jinyar shi ne dusashe hoton, lauyan ɗaya ɓangaren kuma zai so ya kama nan.

Wata illar ba ta hanyar ba ce, ta wurin da aka kawo ta ce. An gina ta ne a kan cewa masifar ta wuce. Matar da ake duka jiya, za a kuma dake ta gobe, tsoronta ba ciwo ba ne, gaskiya ne. Manomin da ruwa ya cinye masa shinkafa, bashi yana wuyansa, ba yatsu yake nema ba. In aka kawo jinyar tunani aka ajiye ta a gurbin tsaro da abinci da adalci, an yi wa mutane wayo.

Babbar illa a ganina ita ce sauƙin kwaikwayo. Duk wanda ya kalli bidiyon minti biyar a YouTube zai ga yatsu suna kai-komo ya ce ai ni ma zan iya. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma masu takardar horo a wannan fanni ƙalilan ne, galibinsu a manyan birane, giɓin nan wani zai cike shi. Gobe za ka ga allo a bakin titi, wanda ya yi bitar kwana biyu ya zama ƙwararre. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kaɗa yatsu kowa ya iya. Abin da ake shekaru ana koyo shi ne sanin wanda bai kamata a fara da shi ba, da abin yi in mutum ya sandare a kujera yana kakkarwa, da yadda ake rufe zama a sallame shi cikin natsuwa. Haka nan manhajojin waya masu ɗigon haske da ke yawo hagu da dama, waɗanda ake cewa ka yi wa kanka a ɗaki: ban ba kowa shawarar ya tono mafi munin ranar rayuwarsa shi kaɗai da tsakar dare ba.

Hukuncina shi ne fa'idar ta rinjayi illar, amma da sharaɗi biyu: hannun da aka horar, da mutumin da ya dace, wato wanda abu ya same shi, abin ya wuce, fiye da wata guda kuma bai sake shi ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta buɗe ƙofar kai irin wannan kulawa kusa da jama'a. Asibitin ƙwaƙwalwa na jiha yana Kazaure, can ƙuryar arewa maso yamma, mu kuma muna ƙuryar kudu. Dakta Fatima Akilu da gidauniyarta ta Neem sun nuna a Borno cewa ana iya ɗaukar masu ba da shawara a mota a kai su har inda mutane suke. Ina kira ga gwamnatin Jigawa ta Malam Umar Namadi da hukumar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu da su ɗauki nauyin cikakken horo ga wasu ma'aikata, maza da mata, masu jin Hausa da Fulatanci, a wannan hanya da kuma CBT, a ware musu ranar zuwa Gwaram. Ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi kuma a koya musu gane alamun ciwon da turawa gaba, ba yin jinyar ba.

Kai kuma mai karatu, in kana da wanda ya fi wata guda yana zabura cikin barci tun bayan wani abu da ya gani, kada ka saya masa ƙwaya a kemis. Ka raka shi asibiti, ka ce a haɗa ku da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya ce zai yi masa jinyar ido, ka tambaye shi inda ya yi horo da wanda ke duba aikinsa kafin ka bar shi ya ɗaga yatsa.